Hutun Tungar Hasan

Takardar ba ta faɗi laifin da ya yi ba, kuma abin da ya fi damun Bawa ke nan. Malamin lakwal, wato makarantar bokon garinsu, ya karanta masa ita sau biyu: ana gayyatarsa Gaya, kwana huɗu, taron horo na masu binciken ruwa a kan hasashen ambaliya. Bawa dai ba mai bincike ba ne. Manomin shinkafa ne a Tungar Hasan, ƙasa da Tunuga, wanda shekara ashirin da huɗu ke nan kullum ƙarfe bakwai na safe yake sauka bakin babban kogin da suke kira Isa, ya duba inda ruwa ya kai a jikin ma'auni, ya rubuta a kaye, ɗan littafin aikinsa. Da aka ba shi wayar salula sai ya ƙara da kiran Yamai ya faɗi lambar. To mai irin wannan aiki me zai je yi cikin manyan masu ilimi, in ba an gano abin da ya aikata ba?

Ma'aunin alluna huɗu ne na ƙarfe, kowanne mitir guda, an kafa su hawa-hawa daga cikin ruwa zuwa gaɓa, yadda in ruwa ya rufe kan wannan sai ya taɓa gindin na gaba. A daminar 2020, shekarar babban ruwa, gaɓa ta zabtare ta tafi da allo na huɗu, mai ɗauke da santimita ɗari uku zuwa ɗari huɗu. Masunta suka tsamo masa shi. Ya aika wa ofishin ruwa saƙo, aka ce ana zuwa, wata ya bi wata ba a zo ba. Sai ya kira ƙanin matarsa Safiyanu, wanda yake magini ne, suka ja igiya daga kan allo na uku zuwa sabuwar gaɓa, taku ashirin cur. Safiyanu ya rufe ido ɗaya ya ce ta daidaita. Sannan suka kafa allon sama da igiyar da taƙi guda da ƴan yatsu, domin duk wanda ya tashi a bakin kogi ya san laka tana cin abin da aka kafa mata, ko turken akuya ne sai an bar mata rabonta. Abin da ba su lura da shi ba, sabuwar gaɓar marmara ce. Shekara biyar Bawa yana jiran ƙarfen nan ya nutse ya koma daidai, ƙarfe ko gezau.

Saboda haka duk shekara in ruwa ya hau ya rufe kan allo na uku, sai ya yi kwana huɗu ko biyar yana hawa a inda babu lamba ko ɗaya. Wanda ya koya wa Bawa aikin, Allah ya jiƙansa, doka biyu ya bar masa: kada ka bar layi ba rubutu, kada kuma ka rubuta abin da idonka bai gani ba. Lambar ƙarshe da idon Bawa ya gani ita ce ɗari uku, sai ya rubuta ɗari uku. Gobe ma ɗari uku, jibi ma haka, har ruwa ya taɓa gindin allo na huɗu ya ci gaba da ƙirga. Bai taɓa ɗaukar wannan a ƙarya ba. Amma kuma bai taɓa faɗa wa kowa ba, don ya san ranar da ya faɗa za a karɓe kayen, a kafa na'ura a wurinsa kamar yadda aka yi a wasu garuruwa, ya koma Bawa kurum, wanda aka kora daga aikin gwamnati.

Ranar Litinin ya sa rigarsa ta sallah ya hau kabu-kabu zuwa Gaya. A bakin ƙofar otel ɗin aka rataya masa wani kwali a wuya mai ɗauke da sunansa, abin da ya ƙara tabbatar masa cewa ba a so ya ɓace. Yana tsaye yana jujjuya kwalin yana tambayar inda zai nufa sai ga wata yarinya mai tabarau ta nufo shi da sauri, ta durƙusa har ƙasa.

"Baba, ashe kai ne. Tun daga ciki na gane muryarka."

Shi ma muryar ya gane. Rashida ce, ɗalibar jami'a da take ɗaukar kiransa kowace safiya shekara huɗu ke nan. Takan tambaye shi lafiyar Jummai matarsa da ciwon gwiwarsa kafin ta tambayi ruwa.

"Ɗiyata, mi na yi?" in ji shi a hankali.

Ta yi dariya. "Mi ka yi kuwa? Aiki ka yi, Baba. Ni na ce a saka sunanka. Ranar Alhamis ma duk za mu tahi garinku mu ga eshel ɗinka."

Eshel shi ne ma'auni a bakinsu. Bawa ya ce Allah ya kai mu, amma ba da zuciya ɗaya ya faɗa ba.

Ɗakin taron sanyi gare shi kamar cikin randa. Mutum talatin ne da ɗoriya, daga Yamai da Benin da Najeriya da Mali, kowa da ordinatar, wato kwamfuta, a gabansa. Shi ma an ajiye masa guda, ya janye hannuwansa daga teburin kada ya taɓa wani abu ya lalace. Mai koyarwar wani dogo ne mai furfura, Dokta Alassan, malamin Rashida, mutumin da in ya fara Faransanci ba ya tsayawa ko don ya haɗiye yawu. A jikin bango ana haska layuka, shuɗi da ja da kore, suna hawa suna sauka. Wani lokaci sai ɗakin ya ɗauki dariya, Bawa ya yi murmushi shi ma, sannan ya fara tunanin ko shi ake wa dariyar. Sau biyu ya ji an ambaci Tungar Hasan. Sau biyun yana shirin miƙewa ya amsa laifi, sai ya ga babu mai kallonsa.

Allah ya taimake shi da maƙwabci. Na kusa da shi wani mai ƙiba ne daga Birnin Kabi, Rabi'u, wanda shi ma Faransancin ba ya shigarsa sai ta wani abu da ya toshe kunne da shi ana fassara masa. Da aka fita shan kafe Bawa ya yi ta maza ya tambaye shi abin da ake yi.

"Kogi muke ginawa, Baba, a cikin kwamfuta," in ji Rabi'u yana tauna biredi. "Model ake ce masa. Ka zuba masa ruwan sama na ƙarya, ya nuna maka inda zai cika da ranar da zai cika."

"To in na ƙarya ne, mi za a yi da shi?"

"Ai da lambobin gaskiya ake koya masa. Irin naku. In ya iya maimaita abin da ya wuce, sai a yarda da shi a kan abin da zai zo."

Bawa ya gyaɗa kai kamar ya gane. Abin da ya gane kawai shi ne akwai wani kogi a cikin akwatin nan da yake cin lambobinsa kullum, shi kuwa bai taɓa sanin yana ciyar da kowa ba.

Haka Litinin da Talata suka wuce. Babu wanda ya tuhume shi. Maimakon haka ma manyan mutane sai su zo su kama hannunsa da hannu biyu, su yi masa magana mai tsawo, Rashida ta taƙaita masa da cewa suna gode masa ne. Wani daga Bamako har hoto ya ɗauka da shi. Bawa ya rasa inda zai ajiye wannan karamci. A saninsa, in hukuma ta kira talaka tana ba shi nama sau uku a rana, akwai abin da ke biye.

Ranar Laraba da hantsi Rashida ce ta tsaya a gaba.  Ta haska wani layi shuɗi wanda ya hau, ya hau, sai ya kwanta a miƙe kamar tabarma, sannan ya ci gaba da hawa. Ta haska na wata shekara, shi ma haka. Shekara biyar a jere, duk a wuri guda suke kwanciya. Dokta Alassan yana ta gyaɗa kai yana duban jama'a, irin duban uban da ɗiyarsa take karatu a gaban baƙi.

Rabi'u ya karkato. "Garinku ne wannan. Ta gano abu babba, wallahi. Ta ce tun daga babban ruwan nan kogi ya fasa hanya zuwa fadamar bayan garinku. In ruwa ya kai ɗari uku sai fadama ta fara sha, kwana biyar tana sha kogi ba ya ƙaruwa. Har suna suka sa wa abin, hutun Tungar Hasan. A kansa ta rubuta littafin doktoranta."

Bawa ya dubi layin da ya kwanta. Ya ƙirga ɗigon da ke jikinsa, ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar. Ya san kowannensu, da bik ɗinsa ya rubuta su yana tsugune a kan gaɓa.

"Sai kuma mi?" Bawa ya tambaya.

Rabi'u ya daɗe yana sauraren fassara a kunnensa. "Ta ce kan digin garinku, tudun da ya tare muku kogi, ɗari huɗu da goma ne a tsohon awo. Saboda haka gobe za su ba perfe, shugaban hukumar yankinku, takarda: kada a tayar da mutane a banza, sai ma'auni ya nuna ɗari uku da tamanin sannan a yi shelar a kwashe kaya. Kuma kuna da kwana biyar na hutu kafin nan."

Ɗakin ya ɗauki tafi. Bawa ma ya tafa, don hannuwansa ba su san abin da za su yi ba.

Abincin rana bai shiga ba. Ya fita ya zauna a inuwar wani itacen bedi a harabar otel ɗin, daga nan yana hango manyan motoci sun yi layi suna jiran haye gada zuwa Malanbil ta ƙasar Benin. Wani abin mamaki, da farko sauƙi ya ji. To wa ya sani, ko fadamar tana sha ɗin? Mutum talatin masu karatun da ya kai ƙasashen waje sun duba sun tafa. Shi wane ne, wanda ko sunansa da ƙyar yake haɗawa? Wataƙila kuskurensa ya faɗa daidai kan gaskiya, Allah yana yin haka. Ya riƙe wannan tunani kamar minti goma yana lallaɓa shi.

Sai bara ta faɗo masa. Ranar da ruwa ya fi cika ya rubuta ɗari uku da hamsin. Ranar ce kuma ya ga Jummai ta durƙusa a kan digi, tudun ƙasar da ya tsare garin daga kogi, ta miƙa hannu ta ɗebo ruwa da ƙwarya ba ta sauka ko taku ɗaya ba. Abin da ya rage tsakanin ruwa da kan digi bai wuce taƙi ba. In an bi lissafin Rashida kuwa, ya kamata a ce saura santi sittin. Ya ƙirga da yatsu, ya sake ƙirgawa, ya zana a ƙasa da tsinke. Duk ta inda ya biyo wuri guda yake fita: ranar da allonsa zai nuna ɗari uku da tamanin, ruwa ya riga ya shiga gari yana neman rumbuna. Fadamar kuwa ya san ta tun yana kiwon awaki, babu wata hanya da kogi ya fasa mata.

Ya tashi zai nemi Rashida, ya hango ta mutane sun kewaye ta suna mata barka, fuskarta kamar an ba ta kujerar Makka. Ya koma ya zauna. Tsoro yake ji, tsoron aikinsa, yanzu kuma ga kunyar yarinyar nan ta hau kai, wadda ta fi tsoron nauyi.

Ranar Alhamis da safe motoci uku suka kama hanyar Tungar Hasan. Farkon watan bakwai ne, kogi bai taso ba, ruwa yana can ƙasa a jikin allo na ɗaya, sauran allunan duk suna tsaye a fili kowa yana gani. Bawa yana jiran wani a cikin masanan ya ɗaga ido ya ce kai, wannan na huɗun ai ya yi sama. Da an yi haka da ya huta. Amma taku ashirin ne tsakani, ga gangare, ido ba ya kamawa. Suka jeru a gaban allon da Safiyanu ya kafa suka ɗauki hoto, Dokta Alassan har da dafa shi.

Da suka juya za su hau digi su kalli fadama, Bawa ya ce, "Ɗiyata, zo ki ji."

Ta sauko tana riƙe da bakin zaninta kada laka ta taɓa shi. Ya faɗa mata duka, tun daga zabtarewar gaɓa har igiyar Safiyanu da rabon laka. Bai iya kallon fuskarta ba, allon yake kallo.

"Ban gane ba, Baba," in ji ta. "Wa ya kafa shi?"

"Ni. Da ƙanen matata."

"Amma ruwan yana tsayawa a ɗari uku. Kai kake hwaɗa mini kullum."

"Ba shi tsayawa. Hawa shi kai. Lamba ce babu a wurin."

"To ɗari ukun fa?"

"Ita na gani daga ƙarshe."

Ta cire tabarau ta goge shi da mayafinta, ta mayar, ta sake cirewa. Ta dubi allo na uku, ta dubi na huɗu, ta dubi fadamar da ta yi shekara huɗu tana zanawa. Yanzu ita ce take da irin fuskar da Bawa ya yini da ita kwana uku a ɗakin sanyi. Ta buɗe baki kamar za ta yi dariya, ba ta fito ba.

"Kullum muna magana, Baba," ta ce. "Kullum."



Ta hau gaɓa ta buɗe bayan mota ta ɗauko nibo, na'urar awo mai ƙafa uku da aka kawo don nuna wa mahalarta yadda ake aiki da ita. Ta roƙi Rabi'u ya riƙe mata sandar awo a kan allo na uku, sannan a gindin na huɗu. Ta auna sau uku. Jama'a suka dawo suka kewaye ta, sun zaci darasi ne, wasu har suna rubutawa. Ta rubuta lambar a tafin hannunta ta nuna wa Dokta Alassan. Rabi'u ya leƙa ya ce wa Bawa, "Santi talatin da shida."

Bawa yana ƙasa, bai ji abin da take faɗa wa malaminta ba, ko ya ji ma Faransanci ne. Ya dai ga Dokta Alassan ya ɗora hannu a ka, ya sauke, ya tafi can ya tsaya shi kaɗai, ya dawo. Ya ga tana magana a tsaye ƙyam, ba ta nuna inda yake da yatsa ba ko sau ɗaya. Wasu suka juyo suka kalle shi duk da haka. Na Bamako mai hoto ya kawar da kai.

Suka koma Gaya. Da la'asar aka yi bikin rufe taro, wakilin perfe ya zo da rawaninsa, Dokta Alassan ya karanta takarda. Bawa bai san ko ana ambatonsa a ciki ba, bai san ko an kore shi ba, bai ma san ko an yarda da maganarsa ba. Sai da Rabi'u ya taɓa shi da gwiwar hannu.

"Sun sauke lambar. Ɗari uku da talatin a allonka, kafin a zo a gyara shi. Babu maganar hutu kuma."

"Littafin nata fa?"

Rabi'u ya rage murya. "Watan sha biyu ya kamata ta kare shi a gaban malamai. Yanzu ban san abin da ya rage a ciki ba."

Aka yi tafi, ba irin na jiya ba. Bawa ya tsaya a bakin ƙofa da salular a hannu, ko za a ce ya miƙa ta. Babu wanda ya ce. Ya hango Rashida tana saka jakarta a motar Yamai, ya matsa ya tsaya inda za ta gan shi. Ta gan shi. Ta ɗan rusuna daga nesa, irin gaisuwar da ake wa kowane dattijo, ta shiga mota ta rufe.

Washegari ƙarfe bakwai ya sauka bakin kogi, don babu wanda ya ce kada ya sauka. Ya duba, ya rubuta. Ya daɗe yana riƙe da salular kafin ya danna. Ta yi ta ringi har ya yanke ƙauna, sannan aka ɗauka.

"Nawa?" in ji Rashida. Ba ta tambayi Jummai ba, ba ta tambayi gwiwa ba.

"Saba'in da huɗu."

Ya ji ƙarar bik a kan takarda, sannan ta tsaya.

"Ka tabbata?"

Shekara huɗu ba ta taɓa yi masa wannan tambaya ba. Kuma da gaske take yi, jira take. Bawa ya ji abin ya fi kora zafi, kuma ya san ba ta yi laifi ba.

"Dakata," ya ce.

Ya ajiye kayen a kan gaɓa, ya naɗe wandonsa, ya sake shiga ruwan ya duba.